Sanda Daidai Hannun Mai Ita

Bahaushe ya san sanda iri-iri. Makiyayi yana da gora, tsoho yana da ta dogarawa, ɗan doka kuma yana da kulki. Amma akwai wadda ba ta cikin gadonsa, ita ce tonfa. Gajeren katako ne mai mariƙi a gefe, kuma biyu ake riƙewa, ɗaya a kowane hannu. An fi danganta ta da tsibirin Okinawa, wanda Japan ta haɗe da ƙasarta a 1879. An ce daga mariƙin dutsen niƙa manoman can suka samo ta. A shekarun 1970 'yan sandan Amurka suka ɗauki siffarta suka yi kulkinsu.

Wani saurayi a Mamobi, cikin Ankara, ya daɗe yana koyon kareti kafin malaminsa ya yarda ya taɓa tonfa. Da farko ta abokinsa ya ara. Abokin dogo ne, shi kuwa gajere, sai katakon ya riƙa dukan haƙarƙarinsa duk lokacin da ya juya shi. Zanen aro ba ya rufe katara. Malamin ya ce ya je a yi masa tasa.

Ya nufi wurin wani tsohon kafinta a Nima, riƙe da katakon da ya saya da arha. Tsohon ya danna shi da farce, farcen ya shige. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan ai wawa sunansa a Gana, kuma sunan ya bi shi. Bugu ɗaya zai karye." Mutanen Okinawa da itacen oak suke yin tasu. Shi kuwa ya ɗauko odum busasshe, marar ido, wanda jijiyarsa ta miƙe daga kai har gindi. Ya ce ɗanyen katako yana yaudara da nauyi, in hunturu ya busa sai ya tsage.

Sa'an nan aka zo kan awo. Saurayin ya dunƙule hannu, tsohon ya auna daga dunƙulen zuwa gwiwar hannu, ya ƙara faɗin yatsa biyu. In ta gaza haka, gwiwa tana fili, bugu zai same ta. In ta zarce, takan harɗe da jiki. Mariƙin kuma an yanke shi daidai faɗin tafinsa, aka bar masa ɗan kai a sama don kada ya suɓuce. Bai sa ƙusa ba. Ya huda rami, ya cusa mariƙin da gam, ya kafe shi da turken katako. Saurayin ya ce, "Baba, a shafa fenti ta yi ƙyalli." Tsohon ya ƙi, gama fenti yana kama tafi mai gumi, ya hana katakon juyawa. Ya goge su sumul, ya shafa ɗan mai, ya yi ta rage ɗaya har nauyinsu ya zo daidai. Sau uku saurayin yana dawowa gyara.

Babbar matsalar tana gida. Mahaifinsa ya ga yadda sanduna suke lalata 'ya'yan mutane a rigimar unguwa da ta lokacin zaɓe, ya ce ba za a ajiye makami a gidansa ba. Yaron bai yi musu ba. Ya riƙe tonfar ta kwanta a sangalin hannunsa, ya roƙi wansa ya kawo masa bugu da muciya. Sau biyar tana sauka a kan katako, bai rama ko ɗaya ba. Ya ce abin da aka fara koya musu ke nan, tarewa.

Uban ya yi shiru, daga baya ya kafa sharaɗi. Tonfar za ta zauna a ɗakinsa, ba ta fita sai ranar horo, cikin jaka. Yaron ya karɓa da ladabi. Kafinta ya auna katako da hannun yaro, uba kuma yana auna yaron da haƙurinsa, kuma wannan awon ba a gama shi a sau uku.