Ranar da Ƙ ta Koma Bayan Z

Saura wata biyar ya miƙa kundinsa na digiri na biyu a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, amma kalmomin Adaranci da ya tattaro a ƙauyukan Illela, fiye da dubu uku, suna nan warwatse cikin wata tsohuwar kwamfuta da kawunsa ya bar masa. Malamin da ke duba aikin yana son ganin su a jere, kowace da takwararta ta daidaitacciyar Hausa, tahi kusa da tafi, hwaɗi kusa da faɗi, sannan a ƙidaya sau nawa hw ta maye gurbin f. Ya fara ƙidaya da hannu, kwana uku bai kai harafin d ba.

Wani ɗalibin lissafi da suke ɗaki ɗaya ne ya ce masa layi goma na Python sun isa wannan aiki. Ya rubuta masa uku a bayan takarda, ya ce sauran ya nema da kansa.

Mako biyu ya yi kafin umarninsa na farko ya yi aiki. Da jerin ya fito sai ya ga abin da bai zata ba: zuma ta riga ƙasa, ɓarawo da ɗaki kuma sun koma can ƙarshe kamar baƙin da aka manta da su a bakin zaure. Ya ɗauka shi ya yi kuskure. Da ya bincika sai ya gane cewa kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, k ita ce 107, z ita ce 122, ƙ kuwa 409. Python na jerawa ne bisa waɗannan lambobi, don haka duk harafi mai lanƙwasa sai ya bi bayan z. Haka nan sh da ts, waɗanda ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta lissafa cikin haruffa, a wurinta kowane haruffa biyu ne. A daren ya zauna ya rubuta mata jerin haruffan Hausa, ɗaya bayan ɗaya, ya umarce ta ta bi shi. Ta bi. Ƙ ta dawo bayan k.

Daga nan abin ya shiga ransa. Ba shi da malami, sai darussan kyauta na intanet da yakan sauke idan ya sami jika ɗaya ya sayi data. Karatunsa duka da Faransanci ya yi shi, saƙonnin kuskure kuwa da Ingilishi suke fitowa, sai ya buɗe wani littafi yana rubuta kowane da ma'anarsa, kamar yadda yake yi wa kalmomin tsofaffin Illela. A watan Afirilu, lokacin da zafi ke kaiwa maƙura kuma wuta ke yawan ɗaukewa, a takarda yake rubuta umarnin, ya jira ta dawo ya gwada. Abin da ya taimake shi shi ne darasin ginin jumla da ya taɓa rainawa. Wanda ya saba rarrabe yankin suna da yankin aikatau ba ya shan wuyar gane dalilin da ya sa rashin baka ɗaya ke rusa umarni gaba ɗaya.

Amma kundin ya tsaya. Malam ya kira shi ofis.

"Nazarin harshe ka zo yi, ko gyaran na'ura?"

"Allah ya gafarta Malam, harshen ne nake koya mata."

"To, ita ba za ta zauna gaban alƙalan jarrabawa ba. Kai za ka zauna."

Gaskiya Malam ya faɗa, kuma ya sani. Ya ajiye Python wata guda cur ya rubuta babi biyu. Ya miƙa kundin a makare, ya rasa wata shida da bai yi niyyar rasawa ba, mahaifinsa kuma, wanda ke jiran ganin sa ya zama malamin makaranta mai albashin gwamnati, ya daina tambayarsa labarin karatu.

Aikin kuɗi na farko daga wata ƙaramar maɗaba'a ya zo. Suna da rubuce-rubucen Hausa da aka buga ba lanƙwasa, inda baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata suka zama abu guda. Wani mai rubuta manhaja ya gwada ya kasa, domin bai san inda tarkon yake ba. Shi ya sani. Manhajarsa tana gyara kalmomin da ba su da tababa, ta ware masu harshen damo don mutum ya duba. Kuɗin ba su da yawa, amma sun ja wani aikin, wancan ma ya ja wani.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takardu za su ƙaru, da ƙamusoshi, da littattafan makaranta, kuma duk ta kwamfuta za su bi. Yakan ce wa ƙannensa na sashen harsuna kada su jira wani daga nesa ya gyara musu haruffansu, domin wanda bai taɓa jin bambancin kafa da ƙafa ba, ba zai ga ɓarakar ba balle ya ɗinke ta.

Da ya je gida da Sallah, ya miƙa wa mahaifinsa kuɗin rago. Tsohon ya juya su a hannu, ya daɗe shiru, sannan ya ce: "Wannan aikin naka, mi ne ne sunanshi da Hausa?"

Har yanzu yana neman amsar.