Tankunan Abule Egba da ƙwayar cutar da ke son ruwa mai ɗumi

Daga saman gadar Abule Egba, kan titin Legas zuwa Abeokuta, abin da ke fara cika ido shi ne baƙaƙen tankunan roba a bisa ƙarafa, kusan kowane gida da nasa. Ruwan famfon gwamnati bai wadata ba. Daga nan har Zangon Agege burtsatse ake haƙawa, ko a sayi jarka wurin 'yan garuwa, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne.

Tankin nan a rana yake wuni, ruwansa ya yi ɗumi, laka ta kwanta a ƙasansa. Mazaunin da ƙwayar Legionella ke so ke nan: ruwan da ya daɗe tsaye, mai zafin digiri 20 zuwa 45. Akwai ta a rafi da tafki, amma a tanki da bututu take hayayyafa. An gano ta bayan ta kwantar da mahalarta taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976.

Ba ta sha ta fi kama mutum ba, sai ta shaƙar feshin ruwa, na shawa ko na injin wankin mota. Cikin kwana 2 zuwa 10 zazzaɓi da tari kan biyo baya, irin wanda mu kan yi saurin kira maleriya, alhali huhu ta taɓa. Ta fi tsanani ga dattawa da masu shan taba.

Wanda ya kulle gida ya tafi Arewa yin Sallah, in ya dawo ya buɗe taga, ya saki famfo ya zuba na 'yan mintuna kafin wanka. Tankin ma a rufe shi da murfi, a riƙa kwashe lakar.