Madarunfa: kafin a gyara tsohon kwale-kwale

Mutumin Mallawa ta ƙasar Dungas ya fi sabawa da amalanke. In yana son ganin sana'ar jirgin ruwa, sai ya nausa yamma zuwa Madarunfa, kudu da Maraɗi, tabkin da aka ce kaburburan waliyyai 99 suna kewaye da shi.

Da rani, in ruwa ya ja baya, masunta kan kife tsofaffin jiragensu a gaɓa. Gwanin kafinta ba ya farawa da kwalta. Katakon baya yake nufa, daidai inda ya haɗu da ƙasan jirgi, domin nan ruwa ke kwana. Ya ƙwanƙwasa da ƙotar gizago: lafiyayyen katako yana amsawa garau, ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a dishe take. Sa'an nan ya soka basilla gefen kowace ƙusa. In ta nutse ba gardama, magana ta ƙare, sai sabon katako.

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke son zuba ƴan kuɗinsa a harkar su, sau da yawa fenti yake kallo. Alhali ƙarƙashin fentin ruɓar ke ɓuya, ba ta bayyana sai a tsakiyar tabki, jirgi ɗauke da kifi da mutum biyu.