Ɗaya ga Janairu, 2009

Kwamfutar gidanmu irin ta girke ce, mai akwati a ƙarƙashin tebur da allo a samansa, kuma tun da mahaifinmu ya sayo ta ba ta taɓa ƙetare zauren gidan ba. Malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Da ya ajiye aiki sai ya mayar da ita rumbunsa: a ciki ya riƙa rubuta abin da ya ji daga bakin tsofaffi game da unguwarmu, da asalin zuriyarmu, da sunayen rijiyoyi da kududdufan da gine-gine suka cinye. Bayan Allah ya yi masa rasuwa Inna ta cire wayarta daga bango, ta lulluɓe ta da wani tsohon zane, ba wanda ya sake kunna ta sai da buƙata ta taso.

Buƙatar ita ce haƙƙinsa na fansho. An ce magada su cike fom ta intanet, su ɗora hotunan takardun aikinsa, cikin wa'adin mako biyu. Hotunan suna cikin kwamfutar, shi da kansa ya adana su tun yana da lafiya. Inna kuwa tana takaba, ba ta fita, kuma ta ce a gabanta za a yi, ba ta yarda a kai lambar asusunta shagon intanet ba.

Na kunna na'urar, ta tashi lafiya lau. Na haɗa ta da datar wayata, ta karɓa. Amma da na buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita, sai ta ja ta tsaya, ta ce ba ta aminta da shafin ba. Na gwada na wata jarida, ta ƙi. Na gwada na banki, ta ƙi. Ko shafin bincike da duniya ke shiga dare da rana, cewa ta yi akwai shakku a kansa. A wayata kuwa, da data ɗaya, duk suna buɗewa.

Ɗan yayata, wanda ke ganin babu abin da ya gagare shi a harkar na'ura, ya karɓi kujerar. Ya share ma'ajiyar wucin gadi inda burauza ke tara guntayen shafukan da ta taɓa ziyarta. Ya cire ƙananan manhajojin da aka liƙa mata ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe, ya kunna. Duk matakai ne na hankali, kuma sau da yawa suna warkarwa, sai dai a nan ko gezau. Ya ce, "Kawu, burauzar ce ta tsufa, a sauko da sabuwa." Abin dariya, shafin da za a sauko da sabuwar ma ta hana mu shigarsa.

A kwana na huɗu muka kira wani mai gyara. Ya duba na ɗan lokaci, ya ce cuta ce ta shige ta, maganin shi ne ya tafi da ita shago ya wanke ta tas, ya zuba mata komai sabo. Na tambaye shi rubuce-rubucen da ke ciki, ya ce zai yi ƙoƙari. Daga bayan labule Inna ta ce, "A sallami bawan Allahn nan, a ba shi na mota. Kuɗin Malam su tafi in za su tafi, amma ba a wanke masa rubutu ina raye." Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba wanda ya ja da ita, ko da yake duk mun san da kuɗin nan ake sa ran biyan makarantar ƙannena biyu.

Daren nan na sauko da wata burauza daban a waya, na kwafe ta zuwa kwamfutar. Ita ma ta ƙi buɗe ko shafi ɗaya, kuma wannan ƙin nata shi ya fi komai amfani. Idan baƙi biyu da ba su san juna ba suka tsaya a ƙofa ɗaya suka ƙi shiga, ƙofar ya kamata a duba. Sabuwar ta kuma fi tsohuwar iya magana, domin ta faɗi dalilinta: agogon kwamfutar yana baya. Na kai ido kusurwar allo. Ɗaya ga Janairu, 2009.

Ga yadda abin yake. Duk shafin da ke ɓoye bayanan mai ziyara yana miƙa wa burauza takardar shaida kafin su fara hulɗa, kuma takardar tana ɗauke da rana biyu, ranar da ta fara aiki da ranar da za ta mutu. Tun daga Satumban 2020 manyan burauzoji suka daina karɓar sabuwar takardar da wa'adinta ya wuce kwana 398, wasu ma na kwana 90 ake bayarwa. Burauza ba ta da kalandar kanta, agogon kwamfuta take tambaya. To ga wadda aka gaya wa cewa yau 2009 ce, kowace takarda a duniya ta zo ne daga shekarun da ba a yi ba tukuna. Mun kwana huɗu muna zargin manhajar da ke yin aikinta daidai. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Da na yi wa Inna bayani ban kai ƙarshe ba ta gane. Mace ce da ke ƙirga wata huɗu da kwana goma, tana tambayar tsayuwar kowane wata. Ta ce, "Ai gaskiyarta ce. Wa zai karɓi shaidar wanda bai san ranar da yake ciki ba?"

Na gyara kwanan watan da hannu, shafuka suka buɗe nan take. Kafin in gama ɗora takarda ta biyu aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita sai ga mu a 2009 kuma. A cikin akwatin, a jikin babban allon da komai ke manne da shi, akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, ana kiransa CR2032: faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke ciyar da wani ɗan ƙanƙanin dutse mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, wanda da shi ake ƙirga lokaci idan babu lantarki. A inda wuta ke zama, batirin hutawa yake yi yawancin rayuwarsa. A wurinmu shi ne mai gadin da ba ya samun canji, ga kuma watannin da na'urar ta yi a cire. Idan ya mutu, agogon sai ya koma ranar da masana'anta ta rubuta masa.

Ban same shi a shagon kwamfuta ba, a teburin wani dattijo mai gyaran agogo na saye shi a bakin kasuwa, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Na kwance ƙusoshi biyu, na ɓamɓare tsohon da farce, na danna sabon. Muka tura fom ɗin saura kwana shida wa'adi ya cika, Inna na zaune a kan darduma tana karanto mini lambobi.

Sai bayan nan na buɗe rumbun mahaifina. Rubuce-rubucensa na farko kowanne da ranarsa. Amma na ƙarshe, wajen guda ashirin, duk rana ɗaya suke ɗauke da ita: ɗaya ga Janairu, 2009. Ashe batirin ya riga shi mutuwa. A watannin jinyarsa ya daina shiga intanet, rubutu kawai yake yi, don haka babu abin da ya tona asirin agogon. Na'urar ba za ta iya gaya mana wanne ya riga wanne ba, balle wanne ne na ƙarshe.

Yanzu bayan sallar isha'i nakan karanta wa Inna farkon kowanne, ita kuma ta ba shi lokacinsa. Na rijiyar bakin masallaci, ta ce kafin azumi ne, don tana tuna ya aike ni tambayar wani tsoho. Na kududdufin bayan gida, da damina, ranar da ruwa ya shigo mana tsakar gida. Mun jera goma sha huɗu. Akwai wani gajere a kan kakarsa wanda ya yanke a tsakiyar jimla, shi har yanzu ba ta ce komai a kansa ba.