Daga bakin kogin Yamai zuwa gurbin alwalarmu

 

A gidajenmu da masallatanmu na unguwa akwai wuri guda da kowa ya san shi amma ba a cika zancensa ba, wato gurbin da ruwan alwala yake kwarara. A gidanmu na Maraɗi wannan gurbi ya daɗe da zama taɓo. Yara suna zamewa a cikinsa, kaji suna tono, da damina kuma sauro ya mai da shi gida, ga shi kowa ya san abin da masassarar cizon sauro take yi wa ƙananan yara. Maganin wannan damuwa mun samo shi ne a inda ba mu zata ba, a wata tafiya da muka yi zuwa Yamai cikin watan Janairu.

Mun tashi da kar bayan sallar asuba, muka bi babbar hanyar da ta ratsa Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar da ta haura kilomita 600. Hunturu ya turnuƙe sararin sama, gonaki sun zama fili sai karan hatsi da dabbobi suke kala. Saboda haka da muka sauka bakin kogin Isa washegari, muka tarar da shi cike maƙil, sai mamaki ya kama mu, domin an yi wata uku ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Dalili kuwa shi ne wannan ruwa na daminar tsaunukan Gine ne. Yana shafe watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali kafin ya iso Yamai a tsakiyar sanyi. Tsarki ya tabbata ga Wanda yake saukar da ruwa a wata ƙasa don Ya shayar da wata.

Daga gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, muka bi gaɓar kogi ta wajen Yantala. Nan lambuna suke jere, na salati da kabeji da karas, a tsakaninsu kuma ga masu renon itatuwa da furanni, sun jera dashe cikin baƙaƙen ledoji a ƙarƙashin mangwaro da dogon yaro. A garkar wani dattijo muka tsaya cak. Gefen kwatar da yake ban ruwa an lulluɓe shi da wani tsiro mai yaɗo, ganyensa shunayya mai duhu, kamar turkuɗin da ya sha bugu, har ba a ganin ƙasa. A kan kowane reshe akwai ɗan fure ruwan hoda mai kunnuwa uku.

Muka yi sallama, muka gaisa, sannan muka ce, "Baba, wannan fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, wannan ai abokin talaka ne. Ba ya neman komi sai ɗan ruwa da rana."

Da Faransanci ana kiransa misère pourpre, kuma sunan ya dace da shi, domin yana rayuwa a inda wasu furanni suke mutuwa don wahala. Masana tsirrai suna ce masa Tradescantia pallida. Asalinsa daga gabashin ƙasar Meziko ne, wani masani ɗan Amurka mai suna Joseph Rose ya fara bayyana siffarsa a 1911, sannan aka sanya shi cikin dangin da yake yanzu a 1975. Sunan dangin kuwa an ɗauko shi ne daga John Tradescant, mai kula da lambun sarkin Ingila a ƙarni na 17. Tsiro ne mai shekara da shekaru, ba a sake shuka shi kowace damina. Tsayinsa bai cika wuce santimita 30 ba, rassansa masu ruwa ne da gautsi, kuma duk gaɓar da ta taɓa damshin ƙasa sai ta fid da saiwa. Furen yakan buɗe da safe ya rufe idan rana ta take, washegari wani ya maye gurbinsa.

Dattijon ya nuna mana alamar da ruwa ya bari a jikin bangonsa lokacin ambaliyar 2020, wadda ta ci unguwanni da dama na bakin kogi. Ya ce dashensa duka ya tafi, amma wasu guntayen rassan wannan tsiro da suka maƙale a kan tudun taki su ne suka fara tohowa. Da muka ba shi labarin taɓon gidanmu, sai ya karya mana rassa cike da hannu, ya ƙi karɓar ko dala, ya ce mu sa shi a addu'a.

Ga yadda ya koya mana, kuma haka muka yi. Da farko aka kwashe taɓon, aka haƙa ɗan rami a inda ruwan yake faɗowa aka cika shi da tsakuwa, domin ruwa ya nutse maimakon ya kwanta. Kewayen ramin aka gauraya ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen taki. Aka yanka rassan tsawon santimita 10 zuwa 15, aka cire ganyen ƙasa, aka binne gaɓa ɗaya ko biyu, da tazarar kamar santimita 30 tsakanin wannan da wancan. Cikin mako biyu suka kama. Idan reshe ya yi tsawo ya fara sanƙo, sai a tsinke kansa don ya yi rassa, abin da aka tsinke kuma a dasa shi a gaba.

Mun yi kuskure guda biyu da muke so ku kauce musu. Rabin dashen mun sa shi a inuwar zaure, sai ganyen ya koma kore-kore, rassan suka yi siriri, domin rana ce take ba shi duhun launinsa. Wanda kuma yake fuskantar yamma, zafin watan Afrilu ya ƙona bakin ganyensa. Wurin da ya fi dacewa a ƙasarmu shi ne inda hantsi yake samu, inuwa ta rufe bayan azahar. Kuskure na biyu, an riƙa zuba masa ruwan wanki mai sabulu, wani sashe ya ruɓe. Tun daga nan muka keɓe masa ruwan alwala kaɗai, ruwan wanki da na makewayi kowanne da hanyarsa.

Akwai kuma hattara. Ba a cin wannan tsiro, kuma ruwan jikinsa yakan sa wasu ƙaiƙayi, don haka a hana yara wasa da shi, a wanke hannu bayan an yi masa aski. Kada a zubar da rassansa a gona ko a gulbi, a shanya su su bushe tukuna. A Yamai mun ga yadda wata irin kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne, take toshe wa masunta hanya a kogi, alhali don ado aka fara yawo da ita a duniya.

Wannan aiki ya sa mun yi wa kanmu lissafi. Gida mai mutum 10, idan kowa ya yi alwala sau 5 da lita guda, lita 50 ke nan take zuba ƙasa kowace rana. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda na ruwa, abin da bai kai lita ɗaya ba. Da muka ga ruwan da muke zubarwa ya fi ƙarfin tsiron, sai muka gane cewa gyara na farko a bakin buta yake. Muka rage ɓarna, abin da ya saura kuma ya ishi shukar.

Yanzu babu taɓo a gurbin alwalarmu, kuma limamin unguwa ya aiko an karya masa rassa don harabar masallaci. Duk wanda hanya ta kai shi Yamai, ya daure ya leƙa lambunan bakin kogi da sassafe, lokacin da furen yake buɗe. Allah Ya saka wa wannan dattijo da alheri, Ya sa mu cikin masu tattalin ni'imominSa.