Shirinmu na Hawa Mambila a Kan Babur

Mu huɗu ne, ajinmu ɗaya tun daga JS1 a nan garin Bali ta Jihar Taraba. Tun muna ƙanana muke ganin motoci suna gangarowa daga tsaunin Mambila ɗauke da ayaba da fiya da katako, direbobinsu cikin rigunan sanyi, alhali mu muna fifita da kwali saboda zafi. Amma in za mu faɗi gaskiya, babu wanda ya taɓa zuwa can a cikinmu, sai mutum ɗaya da aka goyo aka sauko da shi yana jariri. Kakarsa ta wajen uwa tana Nguroje har yanzu.

Malaminmu na labarin ƙasa ne ya jefa mana kwaɗayin tafiyar lokacin muna SS2. Ya rubuta a allo cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5, ya ce shi ya sa ake noman ganyen shayi a Kakara amma ba a yi a Bali, domin tudun Mambila ya kai kusan mita 1,600. Ya ƙara da cewa dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi mai mita 2,419, yana kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Sai ya tambaya, wa ya taɓa hawa? Hannu uku kacal aka ɗaga. Ya girgiza kai ya ce, "Kuna haddace tsaunukan Turai, ga naku a bayan gida ba ku gani ba."

Ranar muka yage takarda daga tsakiyar littafin lissafi muka jera garuruwan hanya: Bali, Serti, Mayo Selbe, Maisamari, Nguroje, Gembu. Babura biyu, kowanne mutum biyu. Lokaci kuwa, da zarar mun ajiye biron jarrabawar NECO. A ganinmu shiri ya kammala, sauran kuɗin mai.

Takardar nan muka kai wa bakaniken unguwarmu, wani dattijo da ya yi shekaru yana kai kaya Mambila a kan mashin kafin gwiwa ta hana shi. Ya karanta, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Samari, a watan Agusta za ku hau? Wa ya aike ku?" Ashe lokacin da muka zaɓa shi ne tsakiyar damina, kuma daminar can ta fi tamu tsawo da ƙarfi. Ya ce hazo yakan sauko kan hanya har mai tuƙi ya kasa ganin motar da ke gabansa, jar ƙasa ta koma santsi kamar sabulu, wani lokaci ƙasa ta zaftaro daga jikin dutse ta tare hanya. Ya ɗauki fensir ya soke Agusta ya rubuta Disamba.

Mu duk tsoronmu yana kan hawa, musamman daga Mayo Selbe inda hanya take fara nannaɗe dutse kwana bayan kwana. Shi kuwa ya ce hawa ba komai ba ne, saukowa ce ke kashe mutane. Ya kwance tayar baya ta wani tsohon Boxer ya nuna mana takalmin birki a cikin kwanonsa. Idan mutum ya danne birki tun daga saman gangara bai ɗaga ba, ƙarfen yakan yi zafi, birkin ya daina kamawa daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Maganin shi ne a sauko da ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe mashin, a riƙa taɓa birki ana saki. Abin da ya fi ja mana kunne a kai shi ne ɗabi'ar da muka saba gani a gari, ta kashe inji ko sa firi a gangara don tsimin mai. Ya ce wanda ya yi haka a Mambila ya tsimi mai na naira ɗari ya sayar da ransa. Mun yi shiru, domin dukkanmu mun taɓa yi.

Ya kuma gaya mana kada mu firgita idan mashin ya yi nauyi a sama. Iskar can ba ta da kauri kamar ta ƙasa, don haka kafireta tana ba inji mai fiye da iskar da yake samu, ƙarfi ya ragu, fulogi ya yi baƙi da wuri. Ya sa muka sayi fulogi biyu na ajiya, da tif, da kayan faci, da famfon hannu. Bai tsaya nan ba. Asabar uku a jere ya sa kowannenmu ya cire taya ya yi faci ya mayar, ya ɗaure sarƙa, yana zaune a kan benci yana kallo bai sa hannu ba. Wanda ya fi kowa cika baki a cikinmu shi ya huda sabon tif da ƙarfen cire taya har sau biyu.

Kuɗi kam sun ba mu wahala. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin tafiya ya daina zama wuri ɗaya, kuma an gaya mana mai ya fi tsada a sama. Mun yi noman ƙodago, mun yi yankan shinkafa a fadamar kogin Taraba, muna tarawa a asusun katako da ke ɗakin yayar ɗayanmu, domin ba mu yarda da junanmu a kan kuɗi ba.

Sai maganar lasisi. Doka ta ce sai mai shekara 18, kuma biyu ne kawai a cikinmu suka kai. Mun so mu rufe ido a kan wannan, tunda duk mun iya tuƙi. Mahaifin ɗayanmu, wanda babur ɗinsa za mu ara, ya ce makullinsa ba zai shiga hannun wanda ba shi da takarda ba, ko da shi ne ya fi kowa iyawa. Ya ƙara da sharaɗin hular kwano ga kowa, har da na baya, da kuma cewa la'asar ta same mu a masauki. Wannan ya raba tafiyar gida biyu: ranar farko mu kwana a Serti, inda hedikwatar gandun dajin take, washegari mu fara hawa da safe bayan rana ta ɗaga.

Duk waɗannan masu sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya. Abokinmu mai kaka a Nguroje, wanda ya fi kowa ɗokin tafiyar, yayansa ya rasu a haɗarin babur shekara huɗu da suka wuce. Mun san da haka, mun je ta'aziyya, amma ba mu taɓa haɗa wannan da shirinmu ba. Da muka je gaida mahaifiyarsa muka durƙusa muka fara bayani, ta bari muka gama tsaf, har da maganar giya da hular kwano. Sannan ta ce, "'Ya'yana, shi ma wancan ya iya tuƙi." Ba ta ƙara komai ba. Muka ce, "To, Inna," muka tashi.

Mako biyu muna gardama a tsakaninmu. Ɗaya ya ce a fasa gaba ɗaya, tunda mu huɗu muka fara. Wani ya ce a tura kawunsa ya lallashe ta. Shi mai abin ya daina zuwa majalisarmu. Daga baya mahaifiyar ce da kanta ta aiko aka kira mu. Ta ce ta daɗe tana son aika wa tsohuwarta saƙo, don haka ɗanta zai tafi, amma a motar haya, kuma shi zai ɗauki jakunkunanmu don baburan su yi sauƙi a kan dutse. Za mu haɗu a Nguroje mu kwana gidan kakarsa. Bai ji daɗi ba, har yau ma bai gama hucewa ba. Mu ma da muka fito ba wanda ya yi murna a fili.

Kujerar da ya bari ba ta zauna haka ba. Ƙanin bakanikenmu, wanda ke hawa dutsen kusan duk wata, ya yarda ya shige gaba da babur ɗaya, na biyun ya bi sawunsa, masu lasisinmu biyu su riƙa karɓar juna, na ukunmu ya hau bayan jagora. Ya ce mu zo da rigunan sanyi masu kauri da safar hannu, domin sanyin Disamba a Nguroje yakan sa yatsu su ƙage har mutum ya kasa matsa kuloci. Mun shiga kasuwa wajen 'yan gwanjo, mai kayan yana ta mamakin masu neman rigar sanyi da tsakar rana a Bali.

Yanzu takardar nan ta littafin lissafi ta cika da soke-soke har ba ta karantuwa sosai, mun manna ta a bayan ƙofar shagon bakanike. Ranar tashi ita ce Asabar ta biyu a watan Disamba, bayan sallar asuba. Hulunan kwano uku sun samu, saura ɗaya, kuma kuɗin asusu sun ƙare. Akwai gonar shinkafa guda da ba a yanke ba a ƙetaren kogi, mai ita ya ce mu zo ranar Litinin.