Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Gaya: Dutse, Daji da Tabki

Gaya tana can kudancin jihar Doso, a bakin kogin Isa, wanda waɗansu ke kira Kwara. Daga Yamai zuwa Gaya wajen kilomita 300 ne. Daga Doso kuwa wajen kilomita 150. A ƙetaren kogi akwai Malanbil ta ƙasar Benin. A gabas akwai Kamba ta Najeriya. Dendawa da Cangawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani duk suna zaune a nan tare.

Babu inda ake samun ruwan sama a Nijar kamar Gaya. A shekara mai kyau ruwan yakan kai milimita 800. Shi ya sa mutumin Tawa ko na Filinge, in ya zo, sai ya yi ta kallon itatuwa. Mutane da yawa sun san Gaya don kasuwa, da gadar da aka gina a 1958. Amma kaɗan ne suka taɓa tashi musamman don su ga dajinta da tabkunanta. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji.

Yadda ake yi a wata ƙasa

A Turai akwai wata ƙaramar ƙasa, sunanta Suwis. Duwatsunta suna da tsawo ƙwarai, waɗansu sun wuce mita 4,000. Ƙanƙara tana rufe kawunansu. In ta narke, sai ruwan ya taru cikin kwaruruka ya zama tabkuna masu sanyi, daji yana kewaye da su. Makiyayan can suna hawa da shanunsu lokacin zafi, su sauko in sanyi ya matso. Ranar hutu, mutanen birni suna ɗaukar guzuri su bi hanyoyin ƙafa har bakin tabki. Hanyoyin nan an sa musu alamu, tsawonsu duka ya kai kilomita 65,000. Baƙo yana sayen madara da cuku wurin makiyayi, ya biya kuɗin kwana a ƙauye. Ta haka kyan wuri ya zama abin samun kuɗi, mutanen ƙauye kuma suna tsaronsa kamar gonarsu.

Duwatsun Gaya ba su kai kashi ɗaya cikin goma na waɗancan ba. Ƙanƙara ma babu. Amma dutse da daji da ruwa, duka ukun Allah ya ajiye su a Gaya kusa da juna.

Bisa dutse

Mai son ya ga ƙasar da kyau sai ya fara da hawan dutse. A bayan gari akwai tudu mai jan marmara. Yaro ma yana iya hawansa. Lokacin da ya fi daɗi shi ne da sassafe, ko bayan la'asar. Daga sama mutum zai hango kogi shimfiɗe, da jiragen masunta, da gonakin shinkafa, da itatuwan mangwaro. Zai hango ƙasar Benin kamar ya miƙa hannu ya taɓa.

Wanda ya hau da damina, ya sake hawa da sanyi, zai lura da abu guda. Kogin nan sau biyu yake cika. Cikar fari tana zuwa wajen Agusta da Satumba. Ruwan saman yankin ne, ya kwaso jar ƙasa, shi ake kira jan ruwa. Cika ta biyu tana zuwa cikin sanyi, alhali ko ɗigo ba a yi ba. Wannan ruwan sama ne da ya sauka a duwatsun ƙasar Gine. Ya yi watanni yana tafiya, ya ratsa ƙasar Mali, ƙasar da ya ɗauko ta kwanta a hanya. Shi ake kira baƙin ruwa.

Cikin daji

Daf da gari, wajen Tanda, akwai gandun dajin Goru Basunga. An keɓe shi tun 1937, zamanin Turawa. Faɗinsa ya kusa hekta 10,000. Hekta ɗaya ita ce gona mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi. A ciki akwai geza da sabara da taramniya, akwai ƙirya da madobiya. Tsoho mai sanin itace, in ya shiga da jikansa, zai nuna masa na magani, da na ƙotar gatari, da wanda dabba ke ci da rani. Wannan ma karatu ne.

Gabas da Gaya kuma akwai Dallol Mauri da Dallol Foga. Dallol tsohon gulbi ne da ya daina gudu, amma ruwa yana nan kusa a ƙarƙashin ƙasa. In aka bi ta Bengu da Bana, za a ga tabkuna jere, da gonakin rake da rogo da dankali. A Foga ne ake dafa gishiri tun kaka da kakanni. Ana kankare ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan har ya daskare. A da fatake suna kai gishirin nan har ƙasar Sakkwato da Borgu.

Abin da ya fi jan ido a nan shi ne kurmin giginya. Ba a samun irinsa a wani wuri a Nijar. Giginya tana ba da azara wadda gara ba ta ci. Tana ba da ƴaƴa, tana ba da muruci, ganyenta kuma ana saƙa da shi. Gero yana yi a ƙarƙashinta. Amma tana shekaru da yawa kafin ta isa sara. An yi lokacin da aka yi ta sare ta ana lodawa a mota, har kurmin ya fara ƙarewa. Daga shekarun 1990, da taimakon ƙasar Suwis ɗin nan, aka sa mutanen ƙauyuka cikin tsaron kurmin, ana ba su rabo daga kuɗin itacen da aka sayar. Da manomi ya ga giginya tasa ce, sai ya daina tuge ƙanana in yana noma.

Bakin tabki

Wanda ya bi kogi ya yi sama, cikin ƙasar Tanda, zai isa Albarkaize. Nan fadama ce babba. In kogi ya cika, ruwa yana malala cikinta wata huɗu ko biyar. In ya janye, sai ya bar tabkuna da ciyawar burgu.

Da sanyi wurin yana cika da tsuntsaye. Akwai kirinjijiya garke garke, akwai dinya da zalɓe da balbela. Waɗansu ƙananan agwagin ruwa daga Turai suke tasowa. Suna ƙetare teku da hamada, su yi sanyi a nan, su koma. A cikin ruwa akwai giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da yauni. A kogi kuma akwai dorina da ayu.

Me ya sa kifi bai ƙare a Albarkaize ba, alhali ya ragu a wurare da yawa? Dalili shi ne mutanen wurin sun sa wa kansu doka. Akwai ruwan da ake hana su a cikinsa na wani lokaci, babu mai jefa taru. Kifi yana zuba ƙwai cikin ciyawa lokacin cika. Ƴaƴan suna ɓuya cikin burgu har su yi ƙarfi. In ruwa ya janye, sai su taru cikin gurbi mai zurfi. Ran da aka buɗe su, masunta suna zuwa daga nesa, har daga Benin da Najeriya, a yi kamu tare, a yi biki. Wanda ya san bikin su na Argungu, wanda aka fara a 1934, zai gane irinsa ne, sai dai wannan ƙarami ne.

Duniya ma ta san da wurin. A 1971 ƙasashe sun taru a garin Ramsar na Iran, suka ƙulla alkawarin tsaron fadamu da tabkuna. Nijar ta shiga a 1987. A 2001 aka rubuta fadamar Albarkaize cikin wuraren alkawarin. A 2004 aka ƙara da Dallol Mauri.

Abin da ke ɓata wuri

Duk wannan arziki yana iya tafiya. Wutar daji tana cinye ciyawa da ƙananan itatuwa cikin yini ɗaya, kuma sau da yawa daga guntun taba take tashi, ko daga murhun mai shayi. Taru mai ƙananan idanu, balle gidan sauro, yana kwashe kifin baɗi tun bana. In an sare itacen tudu, ruwan sama yana kwaso yashi ya cike tabki. Kacala da wata irin kainuwa mai shuɗin fure suna toshe ruwa. In manomi ya nome burtali, ko makiyayi ya saki shanu cikin shinkafa, sai faɗa ya tashi a wurin da ya isa kowa.

Shawara ga mai zuwa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama girbi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Hanya ta bushe, sauro ya ragu, tsuntsaye sun zo.

Baƙo ya fara gaida maigari, ya nemi ɗan rakiya. Kafin shiga gandu, a tambayi ma'aikatan ruwa da daji. A tambayi hukuma lafiyar hanya, domin a shekarun nan akwai dazuzzukan da rashin tsaro ya hana shiga, kamar gandun namun daji na W da ke yamma.

Kada a cika jirgi fiye da ƙima. Kada a matsa kusa da dorina, musamman mai ɗa. Kada yara su yi wanka a ruwan da ba ya gudu, can ake ɗaukar ciwon fitsarin jini. Wanda ya hura wuta ya kashe ta da ƙasa kafin ya tashi. Wanda ya zo da leda ya koma da abarsa, domin saniya in ta haɗiye ta tana iya mutuwa.

Tafiyar nan ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Gorar ruwa da ɗan ƙunshin fura sun isa. Manomi ya tafi da ƴaƴansa, makiyayi ya tafi da nasa. Yaron da ya ga kirinjijiya ta tashi bisa tabki da asuba, ya kuma ji dalilin da ya sa aka hana su, in ya girma ba sai an sa masa mai gadi ba.